Asalin Labarun Kunne Ya Girmi Kaka

Duk wanda ya kwana uku a makarantar nan ya ji labarin Amaryar Rijiya. An ce wai tun kafin a gina makaranta akwai ƙauye a wurin, aka kawo wata amarya da ba ta son mijin, a daren da aka kawo ta ta sulale ta faɗa tsohuwar rijiyar nan da ke bayan ɗakin kwananmu na ƙarshe. Wai har yau in dare ya raba takan fito lulluɓe da farin mayafi tana neman mai raka ta gidan iyayenta. 'Yan aji ɗaya sun fi kowa sanin labarin, har akwai wanda ya rantse mini cewa wansa ya ji ƙarar awarwaronta. To, 'yan'uwana ɗalibai, ni da nake wannan rubutu ina nan ranar da aka haifi wannan amarya, yau shekara huɗu ke nan, sa'ad da nake aji ɗaya. Abin da na gani da idona shi ya sa ni tunani a kan yadda irin waɗannan labaru suke farawa, da dalilin da ya sa ba su mutuwa.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin hunturu ne, ga hazo, ga farin wata dishi-dishi. Wani yaro da gadonsa ke kusa da nawa ya fita fitsari wajen ƙarfe biyun dare, sai ya hangi wani farin abu tsaye a bakin rijiyar yana motsi. Ya kwarma ihu, ya sheƙo a guje, ya yi tuntuɓe da dutse ya karye a hannu. Da gari ya waye aka tura mu, mu shida, mu share wurin. Muka tarar da ɗanyen kashin shanu, da sawun kofato, da inda wayar shinge ta kwanta. Farar saniyar wani makiyayi ce ta ɓalle ta shigo neman ɗanyar ciyawar da ke fitowa a gefen rijiya. Mun dawo mun faɗa, amma ba wanda ya saurare mu, domin kafin a kaɗa ƙararrawar karin kumallo labari ya riga mu zagaya makaranta.

A makon farko cewa ake yi ya ga farin abu. Mako na biyu abin ya zama mace. Da muka dawo daga hutu sai ga ta da mayafi, kuma wani ya tuna cewa kakansa ya taɓa cewa da can akwai gidaje a nan. Shekara ba ta zagayo ba sai da ta sami miji, da dalilin faɗawa rijiya, da awarwaro. Shi kuwa yaron, da aka yi wa mahaifinsa canjin wurin aiki ya bar makarantar, sai aka ce ai haukacewa ya yi aka ɗauke shi. Ba wanda ya zauna ya shirya ƙarya. Kowa ɗan abin da ya ga ya dace ya ƙara, kamar yadda masu gayya kowa ke jan kunyarsa, a wayi gari gona ta nomu.

Kada kuma a manta da halin da muke ciki a lokacin. Ba a daɗe ba da abin da ya faru a Ƙanƙara, a watan Disamba na 2020, inda 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana cikin dare. Ko da yake Allah ya sa an sako su bayan kwana shida, tsoro bai bar zukatan yara ba. Kowane ɗayanmu ya zo da gargaɗin uwarsa a kunne cewa kada ya kuskura ya fita da dare. Zuciyar da ta cika da tsoro kamar gonar da aka yi wa sharar fage ce, ruwan farko na sauka, ko me aka jefa zai tsiro. Ina ganin da a shekarar kwanciyar hankali saniyar nan ta shigo, da dariya za a yi a manta.

A nan ya kamata mu rarrabe tsakanin irin wannan labari da tatsuniya. Tatsuniya ba ta ɓoye kanta. Da kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, mun amsa ta zo mu ji ta, kowa ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi, in an kai ƙarshe a ce ƙurunƙus a tashi. Ba a taɓa jin wanda ya ɗauki sanda ya tafi neman gidan Gizo ba. Amma labarin kunne ya girmi kaka yana zuwa da sunan gari, da sunan mutum, da wurin da za a nuna maka da yatsa, kuma mai ba da shi cewa yake yi, haka muka ji daga manya. Malaminmu na Hausa ya ce masana suna kiransa tarihihi, wato abin da ya yi kama da tarihi amma bai cika tarihi ba.

Shi wannan malami ya taɓa yi mana wani wasa a aji. Ya raɗa wa na gaba wani ɗan labari, shi kuma ya raɗa wa na kusa da shi, har ya kai ga na ƙarshen layi. Labarin da ya fara da ɗan kasuwar da jakinsa ya ɓata a hanyar Bakori, ya ƙare da ɓarayi sun ƙwace wa wani Alhaji mota. Muka yi ta dariya. Ya ce wani malamin jami'ar Kambirij a Ingila, mai suna Frederic Bartlett, ya yi irin wannan gwaji ya buga sakamakonsa a 1932. Abin da ya gano shi ne, mutum ba ya ajiye labari kamar yadda ake ajiye hatsi a rumbu a ɗebo shi yadda yake. Duk lokacin da zai faɗa, sake gina shi yake yi, ya zubar da abin da bai gane ba, ya cike gurbin da abin da ya saba ji. In haka ta faru a layi ɗaya na aji cikin minti goma, ina ga labarin da ya yi shekara ɗari biyar yana yawo daga baki zuwa baki?

Mu ɗauki babban labarin da kowane Bahaushe ya sani, wato na Bayajidda. An ce ɗan sarkin Bagadaza ne, ya biyo ta Barno ya auri 'yar Mai, ya gudo da ita, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar Kusugu, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, maciji ya fito da kai, ya sare shi. Sarauniya Daurama ta aure shi ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in aka haɗa da Biram ga Hausa Bakwai. Kuyangar da aka ba shi kuma ta haifi Karɓagari, wanda aka ce daga gare shi Banza Bakwai suka fito.

A firamare haddace wannan muka yi kamar lissafin sau. Sai bara na zauna na sake karanta shi a tsanake, na ga wani abu da ya ba ni mamaki. Mutumin da ake cewa kakan Hausawa ne, da ya zo ya tarar da gari, da rijiya, da sarauniya da fadawanta, da maƙera masu aikin ƙarfe. Har ma wasu suna fassara sunansa da cewa ba ya ji da, wato da can ba ya jin harshen mutanen. To, harshen su wa? Ashe labarin da bakinsa yana gaya mana akwai Hausawa kafin baƙon ya zo. Na je wa malamin tarihi da wannan ina murna kamar na tsinci kuɗi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, na gano wani abu." Da ya ji sai ya yi murmushi ya ce an riga ni, domin Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi rubutu a kan haka tun 1970. A ganinsa ƙasashen Hausa sannu a hankali suka ginu, daga gida zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci. Wasu masana kuma sun yi ƙoƙarin danganta sunan Bayajidda da wani Abu Yazid, wanda ya yi wa sarakunan Faɗimiyya tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a shekarar 947, amma hasashe ne, ba kowa ya yarda da shi ba.

Abin da ya ƙara buɗe mini ido shi ne jin cewa ba mu kaɗai ke da irin wannan labari ba. A littafin tarihin da Abdurrahman Assa'adi na Tambutu ya rubuta a ƙarni na 17, an kawo labarin asalin sarakunan Sanwai: wani baƙo ya zo daga Yaman ya iske mutanen Kukiya suna tsoron wani ƙaton kifi suna bauta masa, ya soke shi da mashi, suka naɗa shi sarki. Sunansa ma an ce daga Larabcin ya zo daga Yaman aka samo shi. Mutanen tsohuwar daular Gana su ma suna da labarin maciji Bida da ke cikin rijiya, wanda ake ba budurwa duk shekara har wani saurayi ya kashe shi. Baƙo daga gabas, dodo a cikin ruwa, sara ɗaya, sai sarauta. Kamar dai akwai wata riga da aka ɗinka aka ajiye, duk garin da ya so bayyana yadda sabon gidan sarauta ya karɓi mulki daga tsohon, ko yadda aka bar tsohuwar bauta, sai ya ɗauko ya sa wa nasa gwarzon. Gabas kuwa ba sai an tambaya ba, can ne alƙibla, kowa yana son a ce daga can kakansa ya fito.

Na lura kuma irin wannan labari ya fi tsirowa inda tunawar mutane ta ƙare. Ga Funtua nan. Kowa ya san zuwan jirgin ƙasa da cinikin auduga a zamanin Turawa su suka bunƙasa ta har ta shafe Maska, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, shi ya sa ma hakimin da ke zaune a Funtua ake ce masa Sarkin Maska. Akwai takardu, akwai tsofaffin da iyayensu suka ga abin, saboda haka ba a bukatar wani jarumi ya kashe maciji kafin a bayyana girman garin. Amma tambayi wanda ya gina wata tsohuwar ganuwa da ta zama tudu a bayan gari, nan da nan za ka ji an ce Amina ce. Lalle an yi Amina ta Zazzau a bakin marubuta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, sai dai har yau masana ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, wasu na cewa na 15, wasu na 16. Ganuwa ce ke tsaye tana neman mai ita, sunan Amina kuwa yana kusa.

To, me ke hana su mutuwa? Abu na farko da na gani shi ne suna da turken da aka ɗaure su. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, baƙi suna zuwa suna leƙawa har su sha ruwanta. Wanda ya leƙa rijiya da idonsa, da wuya ka raba shi da macijin. A Katsina ana ba da labarin Korau, mutumin 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe a kan hanyar nan ta Funtua zuwa Gusau. An ce ya yi kokawa da Sarki Sanau, matar Sanau ta tona asirin layar mijinta, Korau ya kayar da shi ya yanka shi da takobin da ake kira Gajere. Masu tarihi suna sa Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Tun daga lokacin sarauta ta sauya hannu: masu jihadi sun ci Katsina wajen 1807, Haɓe suka koma Maraɗi, sa'an nan a 1906 sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko. Duk da haka Gajere yana cikin kayan sarautar Katsina, fadar kuma Gidan Korau ake ce mata. Kowane sabon gida ya zo, ya ga amfanin ya riƙe tsohon labari, domin shi ke nuna cewa gadon da ya hau tsoho ne.

Wannan shi ne abu na biyu, kuma a ganina ya fi na farko ƙarfi: labari yana rayuwa ne muddin akwai mai bukatarsa. Labarin Bayajidda ya mai da garuruwa bakwai masu yaƙar juna 'ya'yan mutum ɗaya, har ya raba musu aiki, Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi. Amma shi ɗin ne kuma ya kira wasu maƙwabta Banza, ya ce 'ya'yan kuyanga ne. Da ganin haka ka san ba Bazamfare ko Bakabe ne ya tsara shi ba. Duk labarin da aka ba ka, yana da kyau ka duba wa ya ɗaga, wa kuma ya danne.

Ba sarakuna kaɗai ke bukatar labari ba. A ƙauyenmu, can tsakanin Bakori da Malumfashi, akwai wata tsamiya a tsakiyar gonar kakanmu. An sare dukan itatuwan da ke wurin don masara da auduga su sami rana, wasu kuma an yi gawayi da su, amma ita ba mai taɓa ta, wai akwai mutanen ɓoye a ciki. Ƙasarmu ƙasar Maguzawa ce tun da can, har yanzu akwai gidajensu a wajajen Malumfashi da Kafur, kuma an san tsamiya da kuka da wannan suna a duk ƙasar Hausa. Da na je hutun damina na ce wa kakata wannan duk camfi ne. Ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, boko ya fara yi maka yawa. In babu kowa a cikinta, me ya sa 'yan'uwanta duk suka tafi ita ta saura?" Na buɗe baki zan ce ai tsoron ne ya tsare ta, sai na ga duk abu ɗaya muke faɗa. A inuwar tsamiyar nan muke cin abincin rana in ana noma, da 'ya'yanta ake dama kunun azumi. Haka uwa ke cewa akwai 'yan ruwa a kududdufi, don ta san yaro ba ya tsoron zurfi amma yana tsoron dodo.

Rubutu ma ya taimaka. Da aka shigar da labarun nan cikin littattafan makaranta, sai suka daskare a siffa ɗaya. Yaro ya karanta a aji, ya koma gida ya gyara wa kakarsa, nan gaba kuma a zo a tambayi kakar a ce an ji daga bakin tsofaffi.

Kada wani ya ɗauka sai a zamanin jahilci ake haifar irin waɗannan. A watan Agusta na 2014, ina ɗan shekara biyar, aka tashe mu kafin asuba. Kawunmu ne ya bugo waya daga Kaduna wai a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, don maganin cutar Ebola. Abin da nake tunawa kawai shi ne raɗaɗin gishiri a idona da kukan ƙanwata. Cutar ta shigo Legas ne a watan Yuli, ta taɓa Fatakwal, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ba ta ko doshi Katsina ba. Amma labarin gishiri ya game ƙasa a dare ɗaya, jaridu kuma suka ba da labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka kwantar a asibiti saboda shan gishirin. Abin da ya ɗauki Bayajidda ɗaruruwan shekaru, waya ta yi shi kafin kiran salla. Sai dai wannan bai yi kwana bakwai ba ya mutu, don ba shi da rijiyar da za a nuna, likitoci sun ƙaryata shi a rediyo, kuma da gari ya waye ba wanda ke da sauran bukatarsa, kunya ma ake ji. Irinsa ne ya fi ba ni tsoro a yau, musamman a yankinmu, inda saƙo ɗaya na cewa an ga baƙin fuska a kasuwa zai iya sa a watse a bar amfanin gona a fili, ko a far wa bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Yanzu bari in koma kan amaryarmu, in kuma faɗi laifina. Bana aka ba ni kula da ɗakin kwanan nan na ƙarshe. Murfin rijiyar tsohon kwano ne da katakon da gara ta cinye, mun kai ƙara an ce za a kawo kafinta. Yara kuwa ba su jin magana, in zafi ya yi sai su sulale can su sha iska. Na yi faɗa, na sa su sharar fili, duk a banza. Ran nan da dare bayan an kashe fitila sai na ji bakina yana ba su labarin Amaryar Rijiya, har na ƙara da cewa ta fi son yaran da ke fita su kaɗai. Tun daga ranar ko da rana ba mai zuwa wurin. Ni da na share kashin saniyar da hannuna, ni ne na ƙara wa amarya shekara goma.

Abin ya dame ni, shi ya sa makon jiya na kira wani ɗan aji ɗaya mai wayo, na zaunar da shi na gaya masa gaskiya tun daga farko, da kofato, da shinge, da canjin aikin mahaifin yaron. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Yaya, ai aljana tana iya rikiɗa ta zama saniya."